Zanga-zangar da ba ta da babba

Shekarun baya, lokacin da rikici ya yi tsanani a Maiduguri, na gama jami'a ina zaune a unguwar Mairi babu aiki. Sai aka harbe wani mai keke napep a shingen bincike, matasan unguwa suka ce sai an fita zanga-zanga.

Abokina ne ya kawo tsarin, a waya ya ga yadda ake yi a ƙasashen waje. Babu shugaba, don kada a samu wanda za a kama. A ɓullo ta lungu daban-daban, in 'yan sanda sun matso a watse. Kowa kuma ya riƙe tsumma da ɗan kananzir a kwalba, wai in an shafa a fuska barkonon tsohuwa ba ya cin ido.

Na ce, "Ban ce ba zai yiwu ba, amma kwalba da tsumma a garin nan..."

Ya yi dariya. "Malam mai digiri, kai ko atishawa sai ka nemi izini. Tsaya baya ka riƙe mana takalma."

Ranar fitar, baya kuwa na tsaya, kusa da wata mai ƙosai, yadda in an tambaye ni zan ce saye na zo yi.

'Yan sanda ba su bi kowa da gudu ba. Bakin titi da lungunan suka toshe da motoci. Wani dattijo a cikinsu ya ɗaga lasifika ya ce, "Shugabanku ya fito mu yi magana." Babu wanda ya fito. Ina jin da gaske yake, ko da yake ba zan rantse ba. Sai hayaƙin barkonon tsohuwa ya tashi.

Abokina ya zaro kwalbarsa, tsumma a bakinta. Wani ƙaramin ɗan sanda ya ƙwalla ihu, "Bam! Bam!" Suka yi masa rubdugu, yana ta cewa, "Kananzir ne, oga, na ido ne!" Aka jefa shi mota.

Washegari mahaifiyarsa ta zo gidanmu. "Ɗana, kai ni wurin babbanku."

"Mama, ba mu da babba."

"To wa ya tara ku?"

Na sunkuyar da kai.

"A'uzubillahi. To wa zai je ya ce ya san min yaro?"

A lokacin, in babu wanda ya tsaya maka, an gama da kai. Bulaman unguwa, wanda ba mu ko sanar da shi za mu fita ba, shi ya yi ta zirga-zirga har aka sako abokina bayan watanni. Ya fito kunnensa ɗaya ba ya ji.

Har yau ban san ko kuskure ne fitar ba. Wataƙila dole ce. Abin da na gane kawai, dabarar da aka ƙirƙira a garin da ɗan sanda ba ya fargabar a tayar masa da bam ba ta shiga namu ba.

Yanzu abokin nawa yana Kano yana gyaran waya. Idan na kira shi sai na ɗaga murya. Yakan tambayi kowa da kowa a gidanmu, amma bai taɓa cewa yaya gari ba.