Saura sati uku ya sauka

Jiya a bakin tabki na ji ana gardama a rediyo kan tsige shugaban ƙasar da wa'adinsa ya kusa cika, sai na tuna bara.

Shugaban ƙungiyarmu ta masu lambu ya riƙa ba danginsa injin ban-ruwa ba bisa layi ba, har albasar mutane ta bushe. Aka taru za a cire shi, saura sati uku ya sauka. Na miƙe na ce, "Haba jama'a, a bar shi ya ƙarasa mana!"

Inna Hajo, wadda ta girme mu duka, ta ce, "Ɗana, ba don shi ake yi ba. Wanda zai gaje shi yana zaune cikinmu, yana kallo."

Aka cire shi. Da aka yi zaɓe, ni aka ɗora.

Shekaranjiya ƙanen matata ya zo neman injin, alhali ba ranarsa ba ce. Wallahi har na ɗauko makullin, sai maganar Inna Hajo ta faɗo mini. Na mayar da shi aljihu.

Allah Ya saka miki da alheri, Inna. Ashe da ni kike.

Ku fa, da kuna wurin, a cire ko a bari?