Wanzamin da Ya Ƙi Kafa Ƙaho

Mu wanzamai ne tun kakanni. Babanmu ya bar mana rumfa a kasuwar Kusada, ni da yayana, wanda aka naɗa sarkin aska bayan rasuwar tsohon. Shi yake zama ta bakin rumfar, ni daga ciki. Fiye da shekara ashirin muna haka, muna aski, muna ƙaho, muna cire belu, ba wanda ya taɓa jin kanmu.

Ciwon ya fara mani a shekarar da aka canja kuɗi aka koma naira. Ƙeyata ta yi nauyi kamar an aza mani dutsen niƙa, kunnuwana suna ƙugi, in na duƙa wanke aska sai in ga wuta-wuta. Ciwo ne da na sani, don na yi wa mutane maganinsa ba adadi. Mu a wurinmu mataccen jini ne ya taru, sai a kafa ƙaho a ƙeya, a tsaga, a zuƙe shi. Yaya ya kafa mani sau uku a bazara ɗaya. Kowane karo nakan ji sakayau kwana biyu, sannan abin ya dawo.

Wata rana ina gyara wa wani dattijo gemu, hannuna ya yi sanyi, askar ta kuɓuce ta faɗi a cinyarsa. Allah Ya tsare ba ta yanke shi ba. Kashegari na bi motar 'yan gyaɗa zuwa asibitin Kankiya, ban gaya wa kowa ba.

Malamin asibitin ya ɗaura mani wani ƙyalle a dantse, ya yi ta matsa wata 'yar roba har hannun ya ɗaure, yana saurare da abin kunnensa. Da ya gama sai ya leƙa ƙeyata ya ga tsagar.

"Wa ya yi maka wannan aiki?"

Na ce, "Sana'ar gidanmu ce, Malam."

Ya yi dariya. "To wanzam, yau kai ne bisa tabarma, ni ke riƙe da askar. Hawan jini gare ka."

Ya yi mani bayani a tsanake. Ya ce ba yawan jinin ne matsalar ba, ƙarfin da yake bugun hanyoyinsa ne ya wuce ƙima, ko na zubar da ƙwarya guda gobe ƙarfin yana nan. Ya ba ni wasu ƙwayoyi ƙanana. Ya ce magani biyu ne aka haɗa cikin kowace ɗaya, guda yana fitar da ruwa da gishiri ta fitsari, guda yana sassauta hanyoyin jinin. In sha ɗaya kowace safiya, ko na ji garau kada in daina, in rage gishiri da kanwa, in riƙa dawowa kowane wata. Ya rubuta lamba biyu a wani kati, ɗaya bisa ɗaya, ya ba ni.

A lokacin ban daɗe da shiga ajin yaƙi da jahilci ba, wanda ake yi bayan la'asar a zauren mai unguwa, kuma na fi gane lamba a kan baƙaƙen rubutu. Da na koma asibiti bayan wata guda malamin ya rubuta sababbi a ƙarƙashin na farko. Ban jira ya faɗa mani ba. Na duba da idona na ga sun sauko. Ƙaho uku bai yi wannan ba. Dutsen da ke ƙeyata ma an sauke shi.

Sai dai maganin ba ya ɓoyuwa. Hancina ya toshe kamar mai mura, in na miƙe da sauri jiri ya ɗebe ni. Ga fitsari. Ranar kasuwa sai in bar mutum da rabin kai a aske in zagaya bayan danga, kafin azahar na je sau huɗu. Mahaucin da ke rumfar kusa da mu ya samu abin yi.

"Wanzam, halan randa ka haɗiye? Ku ba shi hanya, jama'a, kada ta fashe a nan!"

Na ce mashi, "Kai dai kori ƙudajenka, sun fi masu sayen yawa."

Yaya bai yi dariya ba. Da kasuwa ta watse ya tambaye ni, na gaya mashi gaskiya, har katin na nuna mashi. Bai karɓa ba. Ya daɗe yana wasa askarsa kafin ya ce, "Sha abinka a ɗaka. Kada in ji zancen nan a kasuwa." Na ce to. Kuma na riƙe wannan to ɗin har wata biyar.

Akwai wani Bafillatani daga rugar da ke wajen Kafin Soli, tun zamanin babanmu a rumfarmu yake aski. Wata ranar kasuwa ya zo ya jingine sandarsa, ya zauna a tabarmata, ya cire malfa.

"Wanzam, kafa mani a ƙeya. Kai ya yi nauyi, kunne yana kuka. Hannun nan na hagu ma jiya ya ƙi riƙe igiyar tatsa."

Na jiƙa wurin, na aske, na ɗauko ƙahon. Har na kai shi ƙeyarsa. Na san abin da zai faru in na kafa. Zai ga baƙin jini a ƙasa, ya ji sakayau, ya yi mani godiya, ya koma ruga ya zauna da abinsa. Na mayar da ƙahon cikin zabira.

Na ce, "Baffa, wannan ba na ƙaho ba ne. Irin nawa ne. Ka je Kankiya a auna ka."

Ya juyo. "A auna ni? Ni gero ne?"

Mutanen da ke jiran aski suka kwashe da dariya. Na zaro katina daga aljihu na nuna mashi lambobin, na gaya mashi yadda ƙwayar take. Ban rage murya ba. Yaya ya ajiye askarsa ya taso.

"Me ka ce wa baƙon babanmu?"

"Abin da na sani, Yaya."

"Abin da ka sani. Wata nawa ka yi kana zanen ƙasa a zauren mai unguwa, har ka fi wanda ya haife ka sani?" Ya nuna tabarmarsa. "Zo ka zauna in kafa maka ƙaho nan gaban mutane, ka zubar da tarkacen nan, a wuce wurin. In ba haka ba, naɗe tabarmarka."

Ban taɓa musa mashi ba tun muna yara. Ko a ranar ban ɗaga kai na kalle shi ba, ƙasa nake kallo. Amma na ce, "Sarki, ka kafa mani sau uku, hannunka kuma ba na biyunsa a ƙasar nan. Bai yi ba. Mai ciwon baya ya zo, zan kafa mashi. Mai kumburi ya zo, zan kafa mashi. Wannan ciwon kam ba ni ƙara ɗora wa kowa ƙaho a kansa, ba kuma mai ƙara ɗora mani."

"To tashi."

Na tashi a hankali saboda jiri. Ina naɗe tabarma, Bafillatanin ya matsa ya zauna gaban Yaya, ya miƙa mashi ƙeyar da na riga na aske. A kan idona aka kafa mashi. Wannan ya fi korar yi mani ciwo. Na rataya zabira na fita ta gaban mahauci.

Gindin wani itacen bedi na koma, kusa da inda motoci ke tsayawa. Ba rumfa, in hadari ya taso sai in kwashe kaya. Gidajen da muka gada, waɗanda ake kiranmu askin suna da kaciya, duk suka bi Yaya, in ban da uku. Matata ta yi kuka, ta ce da na yi shiru me zai ci ni. Direbobi da 'yan kamasho suka zama masu askina, su kuwa saje kawai suke so, ga gaggawa. Wasu a gari suna kirana wanzamin Bature. Ina amsawa. Bafillatanin ban sake ganinsa ba, an ce sun tashi da shanu sun yi kudu. Ban san yadda ya ƙare ba, ba kuma zan ƙirƙira ba.

Damina huɗu ke nan. Muna gaisawa da Yaya a masallaci, ina durƙusa mashi kamar da, ranar salla ina kai mashi yara. Zancen rumfa ne ba ma yi.

Bayan girbin bana Yaya ya aiko mani mahaucin nan. Ya zo ya tsuguna a gindin bedin yana sosa kai.

"Sarki ya ce idonsa ya fara rauni, aiki ya yi mashi yawa. Ka koma wurinka. Ƙwayarka ka yi ta sha, ba ruwansa. Abu ɗaya ne, wanda ya zo neman ƙaho a kafa mashi, ban da wa'azi."

Ina son rumfar nan. A cikinta na koyi riƙon aska, kuma ba ranar kasuwar da ba na hango ta daga inda nake. Na ce ya gaishe mani da Yaya, ya ce mashi duk aikin da ya fi ƙarfin idonsa ya turo mani nan, zan yi da sunansa, ba sai kowa ya sani ba. Amma mai nauyin ƙeya in ya zauna a tabarmata, Kankiya zan nuna mashi, a rumfa ne ko a gindin itace.

Mahaucin ya ce, "Kai dai taurin kai gare ka, wanzam."

Na ce, "Tunda ka zo, cire hular. Wannan sumar taka ta isa aski."