Saƙon Bikon Habu

Har gobe ranar da Habu ya tare mu a gaɓar Auyo ba ta fita raina ba. Ƙarshen damina ne, ruwa ya cika fadama har ba a gane inda kogi ya tsaya. Shekarata ta shida ke nan ina riƙe gora a jirgin Baba Maina. Ku da kuka shigo aikin bana, ku san tsarinmu: mai jirgi yana baya da filafili, ɗan gaba yana tsaye da gora yana auna zurfi. Kowane gari muka isa, sai mun gaida Sarkin Ruwa kafin a sauke kaya. Kuma idan ruwa ya yanke hanyoyi, mu ne masu kai saƙon baki. Mai saƙo zai faɗa, ɗan gaba ya maimaita sau uku a gabansa, a ba shi goro, ya zama amana.

Habu masunci ne. Matarsa Fanna ta yi yaji tun farkon damina, tana gidan wanta a wani ƙauye wajen Birniwa. Wan ya aiko cewa in ruwa ya janye ba a daidaita ba, zai kai magana gaban alƙali a raba auren. Jirginmu ne na ƙarshe da zai gangara can a shekarar.

"Sale," in ji Habu, "ka ce mata: na ɗaga daɓen ɗakin. Na sake jinka. Akuyarki ta haifi biyu."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Na maimaita sau uku, na karɓi goro, ina cewa a raina wannan bawan Allah bai san yadda ake biko ba.

Kwana bakwai muka yi a hanya. Wanda bai ratsa fadamar nan da cikar ruwa ba, ban san yadda zan kwatanta masa ba. Bado ya buɗe fari fat har iyakar gani. Goriba tsaye cikin ruwa, wata goribar a kife ƙarƙashinta. Wani lokaci sai in ga kamar ba ruwa nake tokara ba, gajimare ne. Tsuntsayen dinya su tashi gaba ɗaya, inuwarsu ta bi ta kanmu. A Hadejia muka sauke shinkafa muka ɗauki tabarmi, a gaba muka ɗauki bandar kifi, ni kuwa hankalina yana kan matar da ban taɓa gani ba. Kowace matsaya sai na ƙara wa saƙon ado. Na sa bado a ciki. Na sa farin wata. Daɓe da jinka na ga ba su dace da kunnen mace ba, na ajiye su. Maganar akuya kuwa tun kafin Hadejia ta faɗa ruwa.

Mun isa da hantsi. Wanta ya zaunar da ni a zaure, ita tana bayan zana. Na gyara murya na ce Habu ya ce tun tafiyarta wata bai ƙara haske a Auyo ba, ita ce badon zuciyarsa, kogi ma hawayensa ne ya cika shi.

Sai na ji dariyarta, irin wadda ba daɗi.

"Yaya, ka ji ko? Yana nan yadda na bar shi. Damina uku ruwa yana kwana ƙarƙashin gadona, tari ya kama ni, in na yi magana sai ya kawo mini wata da taurari. Ɗan jirgi, ka ce masa ya rufa da watan in an yi ruwa. Ba zan dawo ba."

Na maimaita sau uku, kamar yadda aiki ya ce.

A gaɓa Baba Maina ya ji amsar, ya dube ni ya ce: "Me ka ce mata?"

Na faɗa masa. Ya miƙo hannu ya zare gorar daga hannuna.

"Kai maroƙi aka aika ko ɗan gaba? Da la'asar zan kwance jirgi. In ka dawo da amanar mutane a wuyanka, nemi wani jirgin."

Na koma. Na durƙusa a zauren nan gaban wanta, na ce duk abin da na faɗa ɗazu nawa ne, Habu bai san da shi ba. Sannan na faɗi na Habu, ba ƙari: daɓe, jinka, akuya.

"Shi da hannunsa ya ɗaga daɓen?" in ji ta.

"Ba a ba ni wannan ba, Yaya Fanna."

"'Ya'yan akuyar fa? Mata ne ko maza?"

Harshena ya yi ƙaiƙayi. Har na hango su a raina, farare biyu masu ɗigon baƙi a goshi. Na haɗiye.

"Shi ma ba a ba ni ba."

"Kai dai ba ka da amfani," ta ce. "Yaya, a ɗauko mini ƙullin kayana. Sai na je na gani da idona."

Da la'asar tana zaune kan tabarmi a tsakiyar jirgi. Baba Maina ya jefo mini gorar. Kwana goma sha ɗaya muka yi muna haurowa, duk inda muka ratsa bado sai ta ce, "Maroƙi, ga kayan aikinka nan."

Abin da nake so ku riƙe shi ne wannan. Mai ba ku saƙo ya san wanda yake aika wa, ku ba ku sani ba. In kun ji maganarsa ta bushe, wataƙila damina guda ya yi yana shanya ta. Ni har yau in jirgi ya shiga fadama ina tsara kalamai masu daɗi a raina, ban daina ba. Amma kafin in taka gaɓa nake barinsu a ruwa.