Sha'ir na Bakin Titi

Shekarun baya, kafin gwiwa ta fara ba ni wahala, na yi aikin gona a Ghuddwa, kudu da Sabha. Maigidana ɗan Libiya ne, tsohon direban hamada, Hausarsa ta kasuwar Agadez ce. Gonar gado ya ci, noma bai dame shi ba.

Wata shekara na dasa 'ya'yan dabino da hannuna, na naɗe kowanne da busasshen ganye saboda rana. Sai famfon rijiya ya fara tari. Ya yi aiki da safe, ya mutu da azahar. Ɗan ruwan da yake fitarwa iyakarsa ya rayar da dashen, shi ma da bido, wato jarka, nake bin su.

Ana nan aka ce gwamnati za ta ba gonaki tallafi, da'am suke ce masa, amma sai ma'aikata sun zo sun ga shuka kore da idonsu. Dashena kuwa daga nesa kamar tsintsiya aka kakkafa a rairayi. Maigidana ya sauke buhun sha'ir daga mota.

"Shuka wannan bakin titi. Ruwa duka can."

Na ce, "Hajj, dabinon fa?"

"Dabino akwai haƙuri. Da'am ya zo, famfo sabo, wallahi."

Na gaya masa babban dabino ne mai haƙuri, ɗan dashe ko saiwar kirki bai yi ba. Ya ce sati biyu ne kawai. Ni kuma, da furfurata da komai, na yarda.

Sati biyun ya zama wata da watanni. Sha'ir ya yi kore shar, masu wucewa har rage gudu suke. Wata Juma'a na shiga unguwar Mahdiya a Sabha wurin abokina, mutumin garinmu ne, magini, na kai masa kuka. Dariya ya yi.

"Kai, dabinon na babanka ne? Zo mu ɗauki siminti."

"Ni na dasa su."

"To in za ka gida ka sa su a aljihu ka kai Damagaram."

Ranar da ma'aikatan suka zo, maigidana ya ce in shige ɗaki tunda ba ni da takardar zama. Ta taga na kalli komai. Sun sha shayi, sun ɗauke shi hoto a tsakiyar sha'ir yana riƙe da shebur ɗina, suka koma mota. Takalminsu bai taɓa laka ba.

Tallafin ya fito. Da kuɗin maigidana ya buɗe wa ɗansa shagon waya a Sabha. Da na tuna masa famfo, sai ya ce, "Famfo lafiya lau. Ba ka ga sha'ir ba?"

Ɗan dabino in ya mutu, in ka ja ganyen tsakiya sai ya zare a hannunka. Haka na bi layi ina zarewa. Guda ɗaya ne ya ƙi fita, na ƙofar ɗakina, inda nake alwala. Na haɗa kayana na tafi ɗaukar siminti.

Ban riƙe mutumin a zuciya ba, bai ma cuce ni albashi ba. Abin da na gane dai, tallafin nan ba don gona aka yi shi ba, don abin da ake hange daga titi ne. Wautar tawa ce, na ɗauka kowa gonar yake gani.

Bara na bi ta wurin a bayan motar yashi. Rijiya ta rufta, rairayi ya cinye layukana. Dabinon nan guda kuwa ya wuce rufin ɗaki, har da 'ya'ya. Direban motar ya ce a gaban dabinon ake ɗaukar hoton tallafin yanzu. Ruwan alwalata ne suke karɓa wa tallafi.