Guntun Ƙarfen da Ya Maƙale a Sigarin Kyari

Duk tsawon shekarun da na yi ina gyaran waya, ranar da ta ƙi barin raina ita ce wadda wani guntun ƙarfe, bai kai ƙwayar gyaɗa ba, ya kusa sa a tafi da ni. Ku da kuka shigo sana'ar nan bayan gari ya ɗan lafa, kuna cewa tsufa ne ya sa ni tsanani. To ku saurara.

Lokacin da aka kayar da turakun wuta a bayan gari ne, Maiduguri ta yi wata da watanni babu lantarki. Rumfata tana kasuwar Gamboru, janareta ɗaya muke tayarwa mu duka, da safe kaɗan, da la'asar kaɗan. Ga zafi, ga fargaba, kowa a gajiye. Mu masu gyara muna da doka: duk abin da aka kawo mai batir wanda ba waya ba, sai an buɗe shi mai shi yana tsaye, maƙwabcin rumfa yana kallo. Mun riga mun ga abin da batir da 'yar waya suka yi a kasuwanni.

Da hantsi Kyari ya zo, direban motar kayan agaji, tsohon mai kawo mini aiki. Ya ajiye sigarin lantarki a teburina. Ɗan akwatin ƙarfe ne mai batir, da kai da ake zuba ruwan ƙamshi a ciki a ɗaura masa kamar noti. Ta faɗi, kan ya karye, gindinsa mai haƙora ya maƙale cikin ramin. Ya sayo sabon kai da kwalbar ruwan, amma babu wurin ɗaurawa.

"Malam Bukar, ka taimaka," in ji shi. "Da wannan na bar taba, likita ya ce ƙirjina ba zai ƙara ɗauka ba. Ayarinmu zai tashi yanzu, ba za a jira ni ba."

Na ce ya tsaya a buɗe. Ya ce bayan kwana uku zai dawo. Kunya ta hana ni matsa masa, na bar shi ya tafi. Kuskurena ke nan.

Maƙwabcina Ba Modu, dattijo mai sayar da caja, ya leƙo ya ga akwati da maɓalli. Bayan azahar sai ga 'yan sintirin kasuwa su uku, kwamandansu a gaba. Kafin su iso, mutane sun dare daga rumfata.

"Mene ne wannan? Ina mai shi?" in ji kwamandan.

Na ce sigari ce. Na kira Kyari sau huɗu, layin bai shiga ba, sun riga sun nausa daji.

"Mu ba mu san sigari mai batir ba. Ko ka nuna mana a nan, ko ka je ka yi bayani a gaba."

Kowa ya san gaban da ake nufi. Wanda aka tafi da shi yin bayani, iyalinsa kan daɗe suna zuba ido. Na tuna 'ya'yana biyar a unguwar Limanti.

Abu na farko, na cire batirin na miƙa wa kwamandan, don hankalinsa ya kwanta, don kuma kada ƙarfe ya haɗa wuta. Na gwada filaya, babu abin kamawa, guntun ya karye daidai da bakin ramin. Na danna roba na murɗa, ta zame, don ruwan ƙamshin ya bushe a haƙoran ya kama kamar ƙaro. Da akwai wuta, da na liƙa masa ƙusa da dalma na juya, amma janareta sai la'asar, kuma kwamandan ba mai jiran la'asar ba ne.

Sai na karya bakin tsohon zarto, na goga shi a dutse har ya yi siriri. Na ɗiga sifirit a haƙoran, na shiga tsaga gefen guntun a hankali. A tsakiyar ramin akwai ɗan tsinken da ke kai wuta, in ka taɓa shi sigarin ta mutu har abada, ni kuma hujjata ta mutu tare da ita. Gumi yana shiga idona. Da tsagar ta yi, na sa ƙaramin sukudireba na juya hagu. Ya kuɓuce ya yanke ni a babban yatsa. Na goge jinin a wando, na yi bismilla, na sake. Ya motsa. Juyi uku, guntun ya faɗo tafin hannuna.

Na ɗaura sabon kai, na zuba ruwan, na jira ya jiƙa, na karɓi batirin na mayar. Na tambayi wanda zai gwada.

"Kai mana," in ji kwamandan.

Na haura hamsin ban taɓa sa taba a bakina ba. A gaban 'yan kasuwa, da waɗanda muke sahu ɗaya a masallaci, na zuƙa. Tari ya sarƙe ni har hawaye, farin hayaƙi mai ƙamshin mangwaro ya tashi. Wasu suka yi dariya. Kwamandan bai yi ba. Ya ce gobe in bi doka, suka juya.

Na zauna. Ba Modu ya kawo mini ruwa a moɗa.

"Ni na kira su, Bukar. Ka yafe mini. Ka san inda na tsinci ɗana."

Na sani. A bakin kasuwa bam ya tashi da yaron, da ni aka ɗauki makararsa. Na nemi fushi a raina, ban sami ƙarfinsa ba.

Da Kyari ya dawo ya zuƙa ya yi murmushi, ya ce dama ya san ƙaramin aiki ne a wurina. Ban gaya masa komai ba.

Abin da na koya shi ne, a garin da ya sha makoki, mai gyara ba mai kaya kaɗai yake yi wa aiki ba. Wanda ke zaune kusa da kai ma yana da haƙƙin sanin abin da ke kan teburinka. Ba Modu bai yi mini sharri ba. Da ni ne na binne ɗa, da ni ma na kira su.