Wutar da Ta Mutu a Cikin Bututu

Mijina injiniyan mai ne. Kwangila ta kawo mu Jidda, muka kama gida a unguwar Safa. Aikinsa a kan man da ya yi kauri ne, wanda ya ƙi tasowa daga rijiya. Sai a tura iska can ƙasa, a kunna wa kaɗan daga cikin man wuta, zafin ya narkar da sauran ya koro shi. Kafin a taɓa rijiya sai sun gwada a wani dogon bututun ƙarfe da suke ɗura wa yashi da mai. Ni da na tashi da littattafan soyayya a ƙarƙashin matashi, haushin bututun nan nake ji.

Wata Asabar suka kunna shi da ragowar yashin da aka kawo daga rijiyar, babu wani. Sabunta kwangilarsa da iƙamarmu, wato takardar izinin zama, duk sun rataya a kan sakamakon. Ya bar abokin aikinsa, wani Basudane, yana lura, ya zo cika mini alkawarin cin kifi a bakin teku bayan la'asar.

"Hajiya, awa biyu fa. In iska ta tsaya wutar ta mutu, halas, shi ke nan."

"Ni ma awa biyun nake roƙo, ranka ya daɗe."

Yana alwala na ɗauki wayarsa, na kashe ƙararta, na jefa a jakata. A littafi haka ake yi, kuma a ƙare da dariya. Sau biyu ya laluba aljihu, na ce ai a mota ya bari, ya ci kifinsa. Jakar tana kan cinyata, ina jin wayar tana rawa, ina kallon teku ina tsara masa gidan da za mu gina.

Injin iska ne ya tsaya, Basudanen kuma bai iya tayar da shi ba. Kafin mu isa bututun ya huce. A hanya na riga na tura wayar ƙarƙashin kujerar mota, can ya same ta.

Ba a sabunta kwangilar ba. Ranar da muke ɗaure kaya ya tsaya a ƙofar kicin, ya ce, "Ki yafe mini, sakacina ne ya raba ki da garin nan." Na buɗe baki. Abin da ya fito shi ne, "Miƙo mini igiyar can."