Ƙanƙarar Da Ta Ci Wuta

Jama'a, wallahi abin nan a kaina ya faru, kuma zan faɗe shi bi da bi. Bayan babban fari na shekarun tamanin ina aikin haƙar foraj, wato rijiyar burtsatse, a wani ƙauye tsakanin Buza da Keita. Rijiyoyinsu duk sun ƙafe, maigari ya ce in ba mu samu ruwa ba garin watsewa zai yi.

Da farko munka ratsa dutse, sannan munka faɗa yashi mai laushi. Nan ramin ya fara huci, iska na fita da ƙarfi kwana biyu, ran na uku tiyo ya toshe. Da munka zaro na sama, sai ga wani farin abu cunkushe a ciki, da sanyi, tsakiyar bazara, da azahar. Ƙanƙara daga ƙarƙashin ƙasa.

Na biyu, kuskuren Malam Idi direbanmu, dattijon da ba ya rabuwa da butar shayi. Ya ce, "Allah ya kawo mana ƙanƙarar da muke saye a Madawa har gida," ya ɗora dunƙulenta bakin gawayi don ta narke ya yi shayi. Take ta kama da wuta. Ni na kaɓe ta da hannu, wutar na sama, ruwan sanyi na zuba mini a tafi.

Ma'aikata sunka watse. Shef ɗinmu, shugaban aikin, ya ce a rufe ramin, wurin da masu shi. Maigari ya riƙe mini riga: "Ɗana, ku ma tafiya za ku yi?"

Na ce, "Baba, abin da zafi ke narkarwa bai fi ƙarfinmu ba. A kashe duk wuta kusa da nan, har taba. Mata su dafa ruwa can cikin gari."

Na uku ke nan. Tulu bayan tulu muna ɗura ruwan zafin a tiyo, ramin na gurnani, har ya yi wata irin ajiyar zuciya ya buɗe. Munka zura ƙarfen haƙa munka wuce yashin. Kwana tara ruwa ya taso, mata na guɗa, Malam Idi ya riga kowa alwala.

Garin na nan har yau. Amma ban samu wanda ya gaya mini abin da munka taɓa ba, kuma tafin nan nawa na dama, ko cikin bazara, sanyi gare shi. In ƙasa ta ba ku abin da ba ku sani ba, ku nisanta shi da wuta, ku yi bismilla, kada kuma ku gudu.